Tsakanin Algus da Haɗi

Hausa ba ta yi rowar kalmomi ba a wajen zancen cuɗa abu da abu. Mai nono ta ƙara ruwa a ƙwarya, an ce ta yi algus. Mai wanka ya zuba ruwan sanyi a kan na zafi, an ce ya surka. Mai magani ya tara saiwoyi uku a tukunya ɗaya, wannan haɗi ne. Mushe ya faɗa rijiya, ruwa ya gurɓata. In ka cire mutum daga cikin waɗannan jimloli, ka dubi abin da ya faru kawai, za ka tarar abu ɗaya ne: wani abu ya shiga cikin wani. Abin da ya raba kalmomin shi ne niyya, da wanda ya ci riba, da wanda aka cuta. A ɗaya gefen kuma muna da kalmomin yabo, zalla da tsantsa da tatacce, waɗanda duk ke cewa abu ya zauna shi kaɗai, babu wanda ya raɓe shi, kuma wai wannan zaman kaɗaici shi ne darajarsa.

Akwai wani farin gari da waɗannan kalmomi ke rasa wurin tsayawa a gabansa. Da wuya mutum ya wuni bai taɓa shi ba. Shi ne farin da ke cikin fentin bango, da farar roba, da takarda mai kyau, da man goge baki, da fatar ƙwayoyin magani da yawa. Masana sinadarai suna kiransa titaniyam dayoksayid, suna taƙaita shi da TiO2, wato ƙwayar zarra ɗaya ta ƙarfen titaniyam ga kowace biyu ta oksijin. Masana'antu suna sarrafa miliyoyin tan nasa a kowace shekara, akasari don farinsa kawai. Babu farin fenti da ya kai shi rufe abin da ke ƙarƙashinsa, saboda yana tanƙwara haske fiye da daimon ma: a ma'aunin wannan tanƙwarawa daimon yana da 2.4, shi kuwa a nau'insa mafi nauyi yana kai wajen 2.7.

Sai dai ba da fari aka fara saninsa ba. A 1791 wani limamin coci mai suna William Gregor ya tsinci baƙin yashi a wani kwari a yankin Cornwall na Ingila, ya gane akwai wani ƙarfe a ciki da ba a san shi ba. A 1795 Bajamushe Martin Heinrich Klaproth ya sake gano ƙarfen a cikin wani jan dutse, shi ne ya raɗa masa suna titaniyam. Wannan jan dutse shi ake kira rutil, kuma sunan daga kalmar Latin mai nufin ja ya fito. Ga inda zancen yake: rutil zalla ba ja ba ne. In aka tace shi sarai, garinsa fari ne fat. Jan da aka gani, har aka yi masa suna da shi, na baƙin ƙarfe ne da wasu ƙarafan da suka laɓe a jikinsa. An raɗa wa mai gida sunan baƙonsa, kuma sunan ya zauna sama da shekara ɗari biyu ba wanda ya yi ƙorafi.

Kafin a gane abin da baƙo ke yi, sai an san fasalin gidan. Kiristal jeri ne na ƙwayoyin zarra da ke maimaita kansa ta kowace fuska, gabas da yamma, kudu da arewa, sama da ƙasa. A cikin TiO2 kowace ƙwayar titaniyam tana zaune ne a tsakiyar ƙwayoyin oksijin shida, huɗu a gefunanta, ɗaya a samanta, ɗaya a ƙarƙashinta. Wannan ɗan curi mai fuska takwas shi ne abin da ake jerawa. Amma akwai hanyar jerawa fiye da ɗaya. In kowane curi ya haɗa gefe biyu da maƙwabtansa, suka miƙe sambal kamar sarƙa, an sami rutil. In gefe uku ya haɗa, burukayit ke nan, wanda ba a cika samunsa ba. In gefe huɗu ne, jerin ya riƙa karkacewa yana barin sarari a tsakani, wannan anatas ne. Sinadari ɗaya, lissafi ɗaya, gida uku. Rutil ya fi cunkushewa: nauyinsa ya ninka na ruwa wajen sau 4.2, na anatas kuwa wajen sau 3.9.

A cikin ukun, rutil ne matabbata. Anatas zaman wucin gadi yake yi. In aka gasa shi a tanderu zafi ya kai wajen digiri 600 a ma'aunin Salshiyas, sai haɗin da ke tsakanin ƙwayoyin ya fara tsinkewa, curarrakin su sake jeri, jikin ya tsuke da kusan kashi 8 cikin 100, ya koma rutil. Tafiya ce da babu komowa. Ko an bar shi ya huce, ba zai sake zama anatas ba. To amma wannan digiri 600 ba doka ba ce. A rahotannin masu bincike an ga sauyin ya faru a ƙasa da 500, an kuma ga anatas ya yi taurin kai har zafi ya haura 1000. Tun 1965, lokacin da Robert Shannon da Joseph Pask suka bi diddigin wannan sauyi a Kalifoniya, aka fahimci cewa babban abin da ke jawo wannan tazara shi ne wanda ya sauka a gidan.

Baƙo yana da masauki uku. Wani yakan shiga har ɗaka ya hau shimfiɗar mai gida, wato ƙwayar wani ƙarfe ta zauna a daidai gurbin titaniyam. Wani yakan matsa kansa a lungu, a ɗan sararin da ke tsakanin curarraki. Wani kuwa ƙofa ta yi masa kaɗan, sai ya tsaya a zaure, a kan iyakar da ke tsakanin ƙwayar gari da 'yar'uwarta. Abu biyu ke yanke hukuncin inda zai sauka: girmansa, da yawan cajin lantarkin da ya zo da shi. Ba a tambayarsa niyyarsa.

Lissafin cajin nan ya cancanci a zauna a kansa, domin shi ne zuciyar maganar. Kowace ƙwayar titaniyam tana bayar da ilektiron huɗu, kowace ƙwayar oksijin tana karɓar biyu. Huɗu daga hannu ɗaya, biyu-biyu zuwa hannu biyu, ciniki ya faɗa, ba bashi ba canji. Sai ga baƙin ƙarfe ya zo. Girman ƙwayarsa kusan ɗaya da na titaniyam, don haka shimfiɗar ta yi masa daidai. Amma uku yake bayarwa, ba huɗu ba. Ƙwayoyinsa biyu suka zauna, an sami giɓin biyu, wato daidai rabon ƙwayar oksijin guda. Kiristal ba ya zama da bashi, saboda haka sai ƙwayar oksijin ɗaya ta fice, ta bar gurbinta wayam. Irin waɗannan guraben su ne ke sassauta ginin. Inda akwai sarari, ƙwayoyin zarra suna samun wurin motsawa, sake jeri ya zo da sauƙi, anatas ya rushe ya koma rutil tun zafi bai yi nisa ba. Haka jan ƙarfe yake yi, haka manganis, haka litiyam da kobal da nikel: duk masu ƙaramin caji ne, duk masu gaggauta tafiyar ne.

Niyobiyam kuwa biyar yake bayarwa. Shi ma girmansa ya dace da shimfiɗar, amma rara yake kawowa, kuma inda rara take babu dalilin korar oksijin. Guraben suna raguwa, ginin yana ƙara ƙarfi, anatas yana daɗewa. Tantalam da tangistin ma wannan hanya suke bi. Lantanam wani labari ne daban: ƙwayarsa ta kusa ninka ta titaniyam a girma, ba ta shiga ɗaka, a zaure take tsayawa. Da ka ji haka sai ka ce ai wannan ba shi da tasiri, tunda bai ma shiga ba. Ina! Rutil yakan fara tsirowa ne a daidai wurin da ƙwayar anatas ta jingina da wata. Wanda ya zauna a wannan mahaɗa ya tare hanya. Silika ma haka take yi, da fosfet da salfet, har akan ga anatas mai silika ya jure zafin da ya doshi digiri 1000. Akwai kuma wani dalili a ƙarƙashin wannan. A 1998 Hengzhong Zhang da Jillian Banfield sun nuna cewa in ƙwayar garin ba ta kai wajen nanomita 14 ba, anatas ne ya fi zama daram, ba rutil ba. Saboda haka duk abin da ya hana ƙwayoyin haɗewa su girma ya tsawaita ran anatas, ko da bai taɓa jerin cikin gida ba.

Wannan rabo na masu gaggautawa da masu jinkirtawa yana da daɗin faɗa, amma ban so a riƙe shi kamar karatun allo ba. Alminiyam kaɗai ya isa ya rikita shi. Uku yake bayarwa, kamar baƙin ƙarfe, don haka a lissafi ya kamata ya gaggauta. Duk da haka masu gasa garin anatas a ɗakin gwaji sau da yawa sukan ga ya jinkirta. Sannan a masana'antar da ke bin hanyar kulorin, inda ake ƙona tururin titaniyam a cikin oksijin a zafin da ya haura digiri 1000, da gangan ake zuba ɗan gishirin alminiyam don a tabbatar rutil ne ya fito. Baƙo ɗaya ne, amma lokacin zuwansa da ƙofar da ya bi suna sauya halinsa.

Akwai ma baƙon da ba kowa ba ne. Gurbin oksijin da muka ambata, masana suna lissafa shi cikin abubuwan da ke sauya kiristal kamar yadda suke lissafa ƙarafa, alhali shi rashi ne tsagwaronsa. Ana iya samar da shi ba tare da an zuba komai ba, in aka gasa rutil a inda babu iska. Farin sai ya koma shuɗi-shuɗi, sannan ya yi duhu. In guraben suka yi yawa, ginin ba ya barinsu a warwatse. Yakan zame a kan wasu layuka, ya naɗe kansa ya rufe su, a sami sababbin jeri masu lissafi irin Ti4O7 da Ti5O9. A Suwidin aka bayyana waɗannan a shekarun 1950, a ɗakin binciken Arne Magnéli, kuma da sunansa ake kiransu har yau. Baƙaƙe ne, kuma wutar lantarki tana bi ta cikinsu. Wace kalma za mu ba wannan? Ba a yi algus ba, tunda ba a ƙara komai ba. Ba za a ce tatacce ba, tunda abin da aka cire nasa ne. Kalmominmu sun ginu ne a kan zaton cewa ɓaci daga waje yake zuwa.

In kana son ganin yadda algus da haɗi ke musayar riga a wuni ɗaya, ka dubi yadda ake yin farin fenti. An fara sarrafa shi don kasuwa ne a ƙarshen shekarun 1910, a Norway da kuma Niagara Falls ta Amurka. Babban tushensa ilmenayit ne, irin baƙin yashin nan na Gregor, wanda rabin ƙarafansa baƙin ƙarfe ne. A tsohuwar hanya narkar da shi ake yi a asid, a raba, a wanke, a sake wankewa, har sai baƙin ƙarfe da kuromiyam da banadiyam sun ragu zuwa 'yan ƙwayoyi a cikin miliyan. A nan karin maganar nan ta wake ɗaya shi ke ɓata gari ba ta yi ƙari ba ko kaɗan, domin ɗan abin da ya saura ya isa ya sa farin ya yi ɗorawa-ɗorawa ko toka-toka, farashinsa ya faɗi. To bayan duk wannan wahala, kafin a sa garin a tanderu, sai ma'aikatan su ɗauko gishirin fotasiyam da fosfet, da tutiya ko alminiyam, da ɗan irin rutil, su zuba da awo. Wannan don ƙwayoyin su tsaya a girman da ya fi watsa haske, wancan don rutil ya fito a lokacin da ake so. Ƙarfen da aka kora da safe algus ne, wanda aka gayyato da yamma haɗi ne, kuma a wajen kiristal ɗin duka biyun ƙwayar zarra ce mai girma kaza da caji kaza.

Malaman fiƙihu sun riga masana sinadarai gane cewa tsarki ba rashin cuɗanya ba ne. Duk wanda ya zauna a zaure ya karanta Ishmawi ko Risala ya san yadda Malikiyya suka auna ruwa. Ba su ce sai ruwan da babu komai a cikinsa ba, don sun san irin wannan ruwa babu shi a rijiya ko a kogi. Abin da suka duba shi ne ko launinsa ko ɗanɗanonsa ko warinsa ya jirkita. Suka kuma yi rangwame ga jirkitar da ta zo daga mazaunin ruwan kansa, kamar ƙasar da yake kwance a kai. A ganina wannan ma'auni ya fi kusa da gaskiyar kiristal fiye da kalmar zalla. Tambayar ba ta ko akwai wani abu a ciki ba ce, domin kullum akwai. Tambayar ita ce me ya sauya, da kuma aikin da kake nufin yi da abin.

Aikin kuwa yana juyawa. Masu fentin farko sun sha fama da wani aibi: bangon da aka shafa wa farin anatas, in rana ta daɗe tana dukansa, sai fentin ya riƙa zama gari yana bin hannu. Dalili shi ne TiO2 yana haɗiye hasken da ke bayan shuɗi, wanda ido ba ya gani, ilektiron ya zabura daga wurinsa, a sami wani ƙarfi a fatar ƙwayar da ke cinye man da ya riƙe fentin. Anatas ya fi rutil wannan ɓarna. Shi ya sa masana'antu suka koma ga rutil daga wajen 1940, suka kuma riƙa lulluɓe kowace ƙwaya da siririyar rigar silika da alumina. Sai a 1972 Akira Fujishima da Kenichi Honda na ƙasar Japan suka wallafa cewa wannan ƙarfi yana iya raba ruwa zuwa oksijin da haidirojin. Daga nan abin da ake ɓoyewa ya zama abin nema. Ƙarfin da ke cin fenti zai iya cin datti a ruwa, ya kashe ƙwayoyin cuta, ya wanke gilashin taga. Anatas da aka kora daga bango ya dawo da martaba, kuma duk baƙon da ke tsawaita ransa ya zama aboki.

Matsalar ita ce irin hasken da yake buƙata bai wuce wajen kashi 5 cikin 100 na hasken rana ba. Ana so a sa shi ya ci hasken da ido ke gani, hanyar kuwa ita ce a gurɓata shi da ilimi. A 2001 Ryoji Asahi da abokan aikinsa a cibiyar binciken Toyota suka sa naitirojin a gurbin wasu ƙwayoyin oksijin. Garin ya yi ruwan ɗorawa, ya fara aiki a hasken da ake gani. Launin da zai sa a mayar wa mai fenti da kayansa, shi ne alamar nasara a wajen waɗannan. Amma awon yana da tsauri. Baƙo kaɗan yana riƙe ilektiron ya ba shi damar kaiwa fatar ƙwaya ya yi aiki. In ya yi yawa sai ya zama ramin da ilektiron ke faɗawa ya koma inda ya fito, hasken ya tashi a banza. Tsakanin magani da guba wani lokaci bai wuce kashi 1 cikin 100 ba.

Misalin da ya fi burge ni yana cikin bututun hayaƙin manyan tashoshin wuta. A can ana amfani da anatas da aka ɗora wa banadiyam don a karya iskar naitirojin oksayid mai cutar da huhu. Banadiyam ne ke yin aikin. Amma shi ɗin dai yana cikin masu ingiza anatas ya haɗe ya koma rutil, kuma in hakan ta faru faɗin fatar garin ya ragu, aikin ya mutu. Saboda haka sai a ƙara tangistin mai yawa, ya riƙe ginin. An gayyato baƙo na biyu don ya tsare gidan daga ɓarnar na farko, wanda kuma ba a iya sallama.

Mu ma muna da abin tunawa a wannan babi. Niyobiyam ɗin nan ana samunsa a cikin kwalambayit, kuma masu haƙar kuza a tsaunukan Jos sun daɗe suna watsar da kwalambayit a matsayin tarkacen da ke rage wa kuza daraja. Da buƙatarsa ta taso don ƙarafan injin jirgin sama, sai aka koma ana tone jujin, har a shekarun 1950 Nijeriya ta zama ƙasar da ta fi kowace fitar da shi a duniya. Wannan ƙarfe, in ya biyo ilmenayit ya shiga farin fenti, ƙorafi ake yi, don rarar ilektiron ɗinsa tana dusashe farin. Amma a 2005 masu bincike a Japan sun nuna cewa siririn shafen anatas mai 'yan kashi kaɗan na niyobiyam yana barin haske ya wuce kamar gilashi, yana kuma ɗaukar wuta kusan kamar ƙarfe. A rutil wannan awo bai ba da irin wannan sakamako ba. Shi kansa titaniyam, in ya bar gidansa, baƙo ne a gidan wani: shuɗin safayar da ake haƙowa a tsaunin Mambilla daga 'yan ƙwayoyin titaniyam da baƙin ƙarfe ya fito, waɗanda suka zauna kusa da juna a cikin dutsen da, in babu su, ba shi da launi.

Ta yaya ake sanin baƙon ya shiga ɗaka ko a zaure ya tsaya? Wannan ce tambayar da masu wannan aiki suka fi yi wa juna: ya shiga, ko bai shiga ba? Sukan haska garin da hasken eksire, su duba kusurwoyin da hasken ke fanɗarewa. A na'urar da aka saba amfani da ita anatas yana nuna babbar alamarsa a kusurwar digiri 25.3, rutil a 27.4, kuma tun 1957 Spurr da Myers suka ba da lissafin da ake auna rabon kowanne daga tsawon waɗannan alamomi. In baƙon ya hau shimfiɗa kuma ya ɗara titaniyam girma, jerin yakan ɗan buɗe, alamar ta ɗan gusa. Sai dai gusawar ƙanƙanuwa ce, kuma rashin ganin abu a wannan hoto ba shaidar babu shi ba ne. A 2001 wasu masana a Japan sun ba da labarin cewa anatas mai ɗan kobal yana da ƙarfin maganaɗisu a zafin ɗaki, abin da ya tayar da ƙura sosai, domin ana fatan samun sabon irin kayan kwamfuta. Daga baya wasu suka duba da na'urori masu kaifin gani, suka tarar a wasu samfuran kobal ɗin bai watsu cikin jerin ba, tattaruwa ya yi a 'yan ƙananan dunƙule. Kobal kuwa da ma can maganaɗisu ne. Aka shafe shekaru ana jayayya a kan ko sabon abu aka gano, ko tsohon abu ne a sabuwar riga.

Na fi ganin girman baƙon nan a inda ya zama mai ba da shaida. Abu zalla ba shi da tarihi a jikinsa; ƙwayar TiO2 tatacciya ta Saliyo da ta Ostireliya ba su da bambanci. Abin da ya laɓe a ciki shi ke faɗin daga ina aka fito. Rutil da ke tsirowa a cikin ƙasa kusa da dutsen zakon da na kwaz yana karɓar zakoniyam gwargwadon zafin wurin: ƙarin zafi, ƙarin zakoniyam. Tun 2004, bayan aikin Thomas Zack da abokansa, masana duwatsu suke auna wannan su faɗi zafin da dutse ya gani a lokacin da babu ɗan Adam a bayan ƙasa. Yawan kuromiyam da niyobiyam a ƙwayar yashi kuma yana nuna irin dutsen da ruwa ya ɓantaro ta daga jikinsa.

Shaidar takan kai har gaban alƙali. A 1965 Jami'ar Yale ta Amurka ta baje wata taswira da aka ce ta ƙarni na 15 ce, mai nuna gaɓar Amurka kafin tafiyar Columbus. A 1974 Walter McCrone ya bayyana cewa akwai anatas a cikin tawadarta. Masu kare taswirar suka ce ai anatas yana nan a ƙasa tun fil azal, kuma gaskiyarsu ce. Amma gardamar ba a kan samuwarsa take ba, a kan siffarsa take: ƙwayoyi masu girma kusan ɗaya, irin waɗanda tanderun masana'anta ke fitarwa, abin da ba a fara yi ba sai a ƙarni na 20. An ja zancen kusan rabin ƙarni, sai a 2021 jami'ar da kanta ta sanar cewa taswirar jabu ce.

Wolfgang Beltracchi kuwa, Bajamushen da ya shafe shekaru yana zana hotuna da sunan mashahuran masu zane da suka daɗe da mutuwa, mutum ne mai taka-tsantsan. Tsofaffin ƙyallayen zane yake nema, yana kuma kiyaye kada ya yi amfani da launin da babu shi a zamanin da yake kwaikwayo. A 2006 aka yi gwanjon wani zanensa na jajayen dawaki a birnin Kolon, da sunan Heinrich Campendonk, da shekarar 1914 a jikinsa, a kan kuɗin da ya haura Yuro miliyan biyu da rabi. Da aka kai zanen ɗakin gwaji, sai aka tarar da ɗan farin titaniyam a ciki, farin da ba ya kasuwa a 1914. Beltracchi ya ce farin tutiya ya saya, kuma ba a rubuta a jikin mazubin cewa an surka shi da titaniyam ba. Mai yin fentin wataƙila gyara ya yi nufi, don farin ya ƙara rufewa. Mai zanen kuwa yana ganin algus aka yi masa, shi da ya rayu a kan yi wa masu kuɗin Turai algus. An kama shi da matarsa a 2010, kuma a 2011 kotun Kolon ta yanke masa ɗaurin shekara shida.